Daga Zoben Maganaɗisu zuwa Sandar DDR: Tarihin Sauya Ƙwaƙwalwar Kwamfutar Tebur

Kwamfutar tebur tana cikin na'urori ƙalilan na wannan zamani da mai su yake iya kwance murfinsu, ya zare wani sashe, ya sa wani a madadinsa wanda wani kamfani dabam ya ƙera a wata ƙasa dabam, sannan ya kunna su su tashi lafiya. Kuma a cikin sassan da ake yi wa irin wannan sauyi, ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu gyara da 'yan kasuwa suke kira RAM, ita ce ta fi yawan shiga hannu. RAM ma'adana ce ta wucin gadi wadda furosesa, wato sashen da ke gudanar da lissafin kwamfuta, yake ajiye bayanan da yake aiki a kansu a daidai lokacin, kuma abin da ke cikinta yakan goge da zarar an ɗauke wuta, saɓanin faifan ajiya da ke riƙe bayanai na dindindin. Sharuɗɗan da mai saye yake bi a yau kafin ya zaɓi sabuwar RAM, irin su duba zamaninta da saurinta da girmanta da yadda za ta zauna da wadda ta tarar, ba wani mutum ɗaya ne ya zauna ya tsara su ba, kowannensu ya samo asali ne daga wata matsalar fasaha ko wani rikicin kasuwa da aka yi fama da shi a cikin shekaru kusan hamsin.

A shekarun 1950 da 1960 babu maganar zaɓi ko kaɗan, domin ƙwaƙwalwar manyan kwamfutocin lokacin saƙa ce ta ƙananan zobba na maganaɗisu da ake zura wa siraran wayoyi, galibi da hannun mata ma'aikata, kowane zobe yana riƙe da bit ɗaya, wato mafi ƙanƙantar ma'aunin bayani wanda ba ya wuce sifili ko ɗaya. Jay Forrester na cibiyar MIT da An Wang, ɗan asalin Shanghai da ya kafa kamfanin Wang Laboratories a Amurka a 1951, suna cikin waɗanda suka assasa wannan fasaha, kuma duk wanda yake son ƙarin ƙwaƙwalwa a zamanin sai dai ya koma wurin kamfanin da ya sayar masa da kwamfutar, ya biya abin da aka yanka masa.

Abin da ya buɗe ƙofar canji shi ne dabarar da Robert Dennard na kamfanin IBM ya fito da ita a 1966, ya kuma sami rajistar mallakarta a 1968, ta ajiye kowane bit a cikin kafasita ɗaya, wato ɗan ƙaramin maɓoyin cajin lantarki, tare da tiransista ɗaya da ke buɗe masa hanya ko rufe ta. Kafasitar kamar randa ce mai yoyo, cajin da ke cikinta yakan tsiyaye cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, saboda haka dole na'ura ta riƙa zagayawa tana sabunta shi sau da yawa a kowace daƙiƙa, kuma wannan nau'i na ƙwaƙwalwa mai buƙatar sabuntawa shi ake kira DRAM. Kamfanin Intel ya fitar da ƙwayar cip mai lamba 1103 a 1970, wadda take ɗaukar bit 1,024, kuma ko da yake ba ta bi tsarin Dennard na tiransista ɗaya ba, ita ce ta fara karya kasuwar zobban maganaɗisu, har daga bisani tsarin Dennard ya zama shi ne tushen kowace RAM da ke cikin kwamfutar tebur zuwa yau.

Lokacin da IBM ya fitar da kwamfutarsa ta tebur a watan Agusta na 1981, da ƙwaƙwalwa daga kilobait 16 zuwa 64 a kan madabod, wato babban allon da dukkan sassa suke haɗuwa a kansa, ƙara RAM aiki ne na mai haƙuri. Ƙwayoyin cip ɗin a warware ake sayen su, kowace da ƙafafuwa 16 masu saurin lanƙwashewa, a jera su tara-tara a cikin guraben da aka tanada, takwas domin bit takwas da ke haɗa bait ɗaya, ta tara kuwa domin gano kuskure, sannan a tura wasu ƙananan makunnai da ke kan allon domin a sanar da kwamfutar adadin da aka sa mata. Mai saye yana duba lambar da ke ƙarshen sunan ƙwayar, wadda take nuna tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta amsa kira, 20 tana nufin nanosakan 200, 15 tana nufin 150, nanosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa. Idan ƙwaya ɗaya tak ta gaza saurin da allon yake buƙata, jerin gaba ɗaya ya ɓaci. Daga nan ne ƙa'idar da har yanzu take aiki ta fito, cewa ƙwaƙwalwa tana tafiya ne da saurin mafi nauyin jiki a cikinta. Akwai kuma wata cuta da masu gyara na lokacin suka saba da ita, ta yadda zafin aiki da sanyin hutu suke sa ƙwayoyin su riƙa ɗagowa daga gurabensu a hankali, har sai an buɗe kwamfutar an danna su da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Maganin wannan wahala ya fito ne daga kamfanin An Wang, inda injiniya James Clayton ya tsara a 1983 a liƙe ƙwayoyin da dalma a kan wani ɗan siririn allo mai haƙora 30 a gefe ɗaya, a riƙa cusa allon a gurbi guda, kuma wannan sanda ita ce aka sani da SIMM. Muhimmancinta bai tsaya a sauƙin sakawa ba, domin kamfanin Wang ya kai tsarin gaban JEDEC, ƙungiyar da aka kafa a 1958 wadda masu ƙera kayan lantarki suke haɗuwa a cikinta su amince da ma'auni ɗaya, kuma da ƙungiyar ta karɓe shi a tsakiyar shekarun 1980, sai ya zama sandar da aka ƙera a Japan tana shiga allon da aka ƙera a Taiwan ba tare da ɗayansu ya nemi izinin ɗaya ba. Wang ya riƙe rajistar mallakar tsarin, ya kuma kai kamfanonin Toshiba da NEC kotu ya yi nasara, amma a shari'arsa da Mitsubishi kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta yanke a 1997 cewa yadda ya riƙa jan masu ƙerawa zuwa ga tsarin ya zama tamkar izini ne ya bayar. Tun daga wannan lokaci tambayar ko ma'aunin da kowa ya dogara da shi zai iya zama mallakar kamfani ɗaya ba ta bar wannan sana'a ba.

Zamanin SIMM shi ne ya fi kowane zamani yawan sharuɗɗa. Sanda mai haƙora 30 bit 8 kaɗai take bayarwa a lokaci guda, alhali furosesa 486 yana buƙatar 32, don haka sai an sayi huɗu iri ɗaya a cika jeri. Da sanda mai haƙora 72 ta zo da bit 32, sai furosesa Pentium ya fito a 1993 da hanya mai faɗin bit 64, aka koma sayen bibbiyu. Dole kuma mai saye ya san ko allonsa yana neman ƙwayar gano kuskure, domin kwamfutocin IBM da masu kwaikwayonsu sun daɗe suna nemanta yayin da Macintosh na Apple ba ya buƙatarta, kuma wannan bambanci ya haifar da ha'inci mai muni, inda wasu masu haɗa sanduna suka riƙa sa wata ƙwaya mai arha da aikinta kawai ta gaya wa kwamfuta cewa babu kuskure, ko akwai ko babu. Hatta ƙarfen da aka shafa wa haƙora abin dubawa ne, domin haɗa haƙoran zinariya da gurbi mai kuza yakan jawo tsatsa a mahaɗar bayan wasu watanni, kwamfuta ta riƙa daskarewa ba tare da an gane dalili ba.

Duk wannan taka-tsantsan yana da alaƙa da tsada. Kamfanonin Japan sun mamaye kasuwar DRAM a farkon shekarun 1980 har Intel ya fice daga cikinta a 1985, yarjejeniyar cinikin da Amurka da Japan suka ƙulla a 1986 ta taimaka wajen ɗaga farashi, sannan ƙarancin kaya ya tsananta a 1988. A wannan yanayi ne John Tu da David Sun suka kafa Kingston a Kalifoniya a 1987, kamfanin da ba ya ƙera ƙwaya ko ɗaya, yana sayowa ne ya haɗa sanduna ya gwada su, kuma da irinsa ne sana'ar sayar da RAM ɗin maye gurbi ta tsaya da ƙafafunta. A watan Yuli na 1993 wata masana'antar Sumitomo da ke Niihama a Japan, wadda take samar da fiye da rabin ƙaron roba da duniya take lulluɓe ƙwayoyin cip da shi, ta yi bindiga, farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo cikin 'yan makonni. Zuwa 1995, shekarar da Windows 95 ya fito yana neman aƙalla megabait 4 tare da shawarar a sa 8, megabait ɗaya ya kai kimanin dala 30, har ɓarayi a Birtaniya da Amurka suka riƙa fasa ofisoshi suna zare sandunan su bar kwamfutocin a inda suke, kafin farashin ya faɗi warwas a 1996.

A rabin ƙarshe na shekarun 1990 abubuwa uku suka haɗu suka sauƙaƙa zaɓi. Na farko sandar DIMM mai haƙora 168, wadda haƙoran fuskokinta biyu suke aiki dabam-dabam, ta ba da bit 64 ita kaɗai, aka huta da tilascin sayen bibbiyu. Sai SDRAM, ƙwaƙwalwar da take tafiya da bugun agogon allo, wadda Samsung ya fara fitarwa a 1992, ta sa aka daina auna sauri da nanosakan aka koma ga megahaz, wato yawan bugun agogo a daƙiƙa da miliyoyi, kuma ma'aunin PC100 da Intel ya shimfiɗa a 1998 ya tilasta wa masu ƙerawa su cika abin da suka rubuta a jikin kaya. Na ukun, wanda ba a cika yaba masa yadda ya cancanta ba, shi ne ɗan ƙaramin cip da ake kira SPD, wanda yake zaune a kan kowace sanda ɗauke da bayanin girmanta da saurinta da jinkirinta, kwamfuta ta karanta shi da kanta lokacin tashi. Shi ne ya rage buƙatar saita ƙwaƙwalwa da hannu, ya kuma mayar da ƙara RAM aikin da wanda ba injiniya ba zai iya yi.

Wannan sauƙi ya kusa suɓucewa a rikicin Rambus. Kamfanin, wanda Mike Farmwald da Mark Horowitz suka kafa a 1990, ya tsara wata ƙwaƙwalwa mai sauri da ake kira RDRAM, wadda duk mai ƙera ta sai ya biya shi lada, kuma Intel ya ɗaure kansa da ita, ya fitar da allunan da ke amfani da ita a ƙarshen 1999, sannan ya fitar da Pentium 4 a watan Nuwamba na 2000 ba tare da wata ƙwaƙwalwar da yake karɓa ba sai ita. Sandunanta sun fi SDRAM tsada nesa ba kusa ba, suna zafi, kuma duk gurbin da ba a sa wa sanda ba sai an toshe shi da wani allo marar ƙwaya domin hanyar siginar ta cika. Ƙoƙarin da Intel ya yi na sa wani cip mai fassara tsakanin allon RDRAM da SDRAM ya ƙare da janye alluna daga kasuwa a watan Mayu na 2000 saboda kuskuren da cip ɗin yake jawowa. A ɗaya gefen kuma kamfanonin AMD da VIA da masu ƙera ƙwayoyi suka rungumi DDR, ma'aunin da JEDEC ta fitar a 2000, wanda yake aika bayani sau biyu a kowane bugun agogo, kuma da masu saye suka juya wa RDRAM baya, Intel da kansa ya dawo kan DDR a farkon 2002. An shafe shekaru ana shari'a a kan zargin cewa Rambus ya zauna a cikin JEDEC har 1996 yana ɓoye buƙatunsa na mallaka, hukumar kula da ciniki ta Amurka ta same shi da laifi a 2006, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2008. Amma kasuwa ta riga ta yanke nata hukunci, kuma alherin da ke cikinsa ga mai ƙaramin ƙarfi ba ƙarami ba ne, domin da RDRAM ta yi nasara da farashin kowace sanda yana ɗauke da harajin kamfani ɗaya.

Daga nan tarihin ya zama na zamunna masu bin juna, DDR mai haƙora 184 da wutar bolt 2.5, DDR2 a 2003 mai 240 da bolt 1.8, DDR3 a 2007 mai 240 da bolt 1.5, DDR4 da ta shiga kasuwa a 2014 mai 288 da bolt 1.2, sai DDR5 da aka fitar da ma'auninta a 2020 mai 288 da bolt 1.1. Tunda yawan haƙora yakan zo ɗaya a zamunna biyu, abin da ke hana ɓarna shi ne giɓin da ake yankewa a layin haƙoran, wanda ake matsar da shi a kowane zamani domin kada sandar wani zamani ta shiga gurbin wani, saboda haka sandar da ta ƙi zama ba ƙarfi take nema ba. Lambobin da ke kan takardar sanda su ma lissafi ne mai sauƙi, domin DDR3-1600 tana aika bayani sau miliyan 1,600 a daƙiƙa, kowane aike bait 8, jimilla megabait 12,800, shi ya sa ake rubuta mata PC3-12800. Lambar CL kuwa yawan bugun agogon da sanda take jira ne kafin ta fara amsawa, kuma tana ruɗar mutane da yawa, domin CL 3 na DDR-400 nanosakan 15 ne, CL 22 na DDR4-3200 kuma bai kai 14 ba. Abin da ya ninku a tsawon shekarun nan shi ne yawan bayanin da ke wucewa, jinkirin farko kuwa kusan yana nan inda yake.

Wani canji da ba a gani a jikin sanda ya sauya tambayar da mai saye yake yi. Da can mai kula da ƙwaƙwalwa, wato sashen da ke tsara shige da ficen bayanai, yana cikin wani cip ne a kan madabod, sai AMD ya shigar da shi cikin furosesa da Athlon 64 a 2003, Intel ya bi sahu a 2008, don haka iyakar girma da sauri ta koma hannun furosesa da allo tare. Tsarin hanya biyu, wanda ya yaɗu a farkon shekarun 2000, ya dawo da al'adar sayen bibbiyu, amma a wannan karo domin ƙarin sauri ne ba domin tilas ba, kuma sandunan biyu sai an sa su a guraben da littafin allon ya nuna kafin ribar ta samu. Tsarin XMP da Intel ya kawo a 2007 ya ƙara wani ruɗani, domin saurin da ake bugawa da manyan haruffa a kwalin wasu sanduna ya wuce ma'aunin JEDEC, ba ya samuwa sai an kunna shi a saitin allo, kuma yawancin kwamfutocin ofis na manyan kamfanoni ba su da wannan zaɓi sam.

Yayin da sunayen da ke jikin sanduna suke ƙaruwa, masu ƙera ƙwayoyin raguwa suka yi. Binciken da ma'aikatar shari'a ta Amurka ta fara a 2002 a kan haɗa baki wajen tsara farashi ya kai ga tarar dala miliyan 160 a kan Infineon, 185 a kan Hynix, 300 a kan Samsung. Qimonda na Jamus ya durƙushe a 2009, Elpida na Japan ya bi shi a 2012 Micron ya saye shi, har aka wayi gari Samsung da SK Hynix (tsohon Hynix) da Micron suna riƙe da fiye da kashi 90 cikin ɗari na DRAM ɗin duniya. Ma'anar wannan ita ce sunan da ke kan takarda yana nuna wanda ya haɗa sandar ya gwada ta ya kuma ba da garanti, ba lalle wanda ya ƙera abin da ke cikinta ba, kuma sanduna biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya suna iya ɗaukar ƙwayoyin masana'antu dabam. Gobarar masana'antar SK Hynix da ke Wuxi a Sin a watan Satumba na 2013 ta nuna yadda hatsari a gini ɗaya yake ɗaga farashi a kowace kasuwa.

Tsofaffin zamunnan ba su mutu ba, sun yi ƙaura ne. Kwamfutocin ofis na Dell da HP da Lenovo da aka sallama a Turai da Amurka suna shigowa Najeriya a matsayin gwanjo, su bi ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja zuwa shagunan Kano da Kaduna da cibiyoyin jarrabawa da wuraren buga takardu, don haka DDR3 tana da rai a waɗannan wurare shekaru bayan zamaninta ya wuce. A nan ne tsofaffin tarkuna suke kama mutane: sandar da aka zaro daga manyan kwamfutocin sabar, mai ɗauke da ƙarin cip na rajista, tana shiga gurbin kwamfutar tebur daidai amma ba ta tashi, sandar da aka haɗa da ƙwayoyi kaɗan masu yawan ɗauka tana iya gagarar tsohon allo ya gane ta, ko ya ga rabinta, ƙananan kwamfutocin tebur kuma gajeriyar sanda irin ta kwamfutar cinya suke karɓa. Gogaggen mai gyara yakan karanta takardar tsohuwar sandar da lambar samfurin kwamfutar kafin ya sayo, ya kuma gwada sabuwar da manhaja irin Memtest86, wadda take nan tun 1994, domin RAM mai lahani ba kasafai take mutuwa gaba ɗaya ba, takan riƙa ɓata bayani ne jifa-jifa.

Barazanar da ke gaban wannan al'ada a yanzu ta fito ne daga neman sauri, domin gajeruwar tazara tsakanin furosesa da ƙwaƙwalwa tana ƙara gudu tana rage cin wuta, kuma a kan wannan hujja Apple ya fitar da Mac mini mai cip ɗin M1 a 2020 da ƙwaƙwalwa a liƙe kusa da furosesa, ta yadda abin da mutum ya zaɓa ranar saye shi ne rabonsa har na'urar ta tsufa. Hujjar gaskiya ce ta fuskar injiniya, sai dai asararta tana faɗawa ne a kan mai saye na biyu da na uku, wanda sanda ɗaya mai arha ita ce take ƙara wa kwamfutarsa shekaru na aiki. JEDEC ta amince a ƙarshen 2023 da wani sabon tsari mai suna CAMM2, wanda ya samo asali daga Dell, shimfiɗaɗɗen allo ne da ake ɗaurewa da sukurori a kan madabod maimakon cusawa a gurbi, yana gajarta hanyar sigina amma ana iya kwance shi a sauya. An fara ganinsa a wasu kwamfutocin cinya a 2024, yayin da allunan tebur da ake sayarwa suke ci gaba da zuwa da guraben DIMM biyu ko huɗu.